Rabon Issoufou ba mai karɓa

Shekara talatin da huɗu Issoufou ya yi yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu, daga masaukinsu zuwa bakin Harami. Mutumin Tawa ne, ya zo aikin Hajji yana saurayi, jirginsu ya tashi ya bar shi, shi kuma bai bi sahu ba. Ni Mukhtaru tela, shagona na ƙarƙashin benen da ya zauna a Utaibiyya, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Matarsa Rabi haifaffiyar nan Makka ce, tana da takardunta, tana aikin shara a wata makarantar 'yan mata. Shi kuwa ko igama, takardar izinin zama, ba shi da ita, balle banki ya san da zamansa. Duk abin da ya samo sai ya miƙa mata ta zuba a asusunta, ita ma ta ɗora nata a kai. Kuɗin tsufa suke ce masa. Allah bai ba su haihuwa ba, sun san ba wanda zai ɗauke su ranar da ƙarfi ya ƙare.

To, gwiwa ta gaza, Issoufou ya zauna a gida, kuma wallahi ban taɓa ganin mutumin da zama ya lalata wa hali irinsa ba. Komai faɗa. Ranar da abin ya faru, a kan mukayyif ne fa, na'urar sanyaya ɗaki! Rabi ta dawo daga aiki cikin zafin azahar ta kunna, shi ya ce sanyin na cin ƙashinsa, ya kashe. Ta sake kunnawa. Har shago na jiyo shi ya furta saki. Da ma akwai biyu tun suna da ƙuruciya, wannan ya cika na uku. Na haura da almakashi a hannu ina cewa, "Kai Issoufou, me ka yi haka?" Ya zauna ya riƙe kai, amma maganar ta riga ta fita.

Rabi ta koma gidan wanta Talal a Zahir. A nan aka kira ni shaida. Talal ya so ya nuna asusun da sunan ƙanwarsa yake, sai ta katse shi daga bayan labule.

"Khalas, Yaya. A raba biyu, rabi nawa, rabi nasa. Guminsa ne, ba zan ci ba."

Sannan ta ce, "Alhaji, ina za a sa maka naka?"

Nan aka tsaya. Asusu ba shi da shi. Ɗakin da ya koma a Kudai su takwas ne a ciki, ko ƙofar kirki babu. Ya ce ya yanke shawara zai miƙa kansa a mayar da shi gida, amma wa zai shiga layin tarhil na masu jiran kora da kuɗin rayuwarsa a ɗaure a ƙugu? Talal ya ce a tura kuɗin Nijar kafin Issoufou ya tafi, ya kawo sunan amintacce ɗaya da lambarsa. Ya ba shi takarda.

A shagona Issoufou ya yi kiran, da wayata. Lambobi uku yake da su, waɗanda ya taɓa karɓa a hannun alhazan garinsu. Ta farko ba ta shiga. Ta biyu wata mata ta ce ba ta san mai sunan ba. Ta uku ɗan ƙanensa ya ɗauka, magidanci da muryarsa. Issoufou ya faɗi sunansa da na ubansa da na unguwarsu, yana murmushi.

"Wane Issoufou? Baffa Issoufou ya rasu a Makka tun ina yaro," in ji shi. "An yi masa sadaka, gonarsa ma an raba. Malam, ka ji tsoron Allah, ka nemi wani ka damfara." Ya kashe.

Na tsayar da keken ɗinki. Tausayinsa ya kama ni.

Washegari na raka shi Zahir, yana hawa matakala ɗaya-ɗaya yana hutawa. Ya miƙa wa Talal takardar yadda aka ba shi, ba ko ɗigon biro. Rabi ta tambaya daga ciki ko an samu sunan.

"Ki bar rabon nawa a wurinki, Hajiya," ya ce. "Can sun riga sun raba gadona."