Gafaru Mai Kaya da Amanar Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida zuwa wani cikin mutanenmu na Bronx ya san Gafaru, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin kafaɗa da yake shigowa da sallama kamar ya zo ɗaurin aure, ya tsaya ya ƙare wa firij kallo, sannan ya dafa shi ya ce, "Bismillah, malam, yau tafiya ta kama mu." Jikan yayata ne, don haka a al'ada mijina ne, kuma ban taɓa ganin miji marar amfani irinsa ba. Shekara da shekaru yana ɗaukar wa mutane kujerun alfarma, ni ko tabarma bai taɓa shigo mini da ita ba.

A zangon Kumasi aka haife shi. Tun gemu bai fito ba yake kaya-kaya a babbar kasuwa, wato dako: buhun masara, kwandon doya, har keken ɗinki, duk a ka. Da Allah ya jefo shi New York ya gwada wankin mota, sanyi ya kore shi. Ya gwada tasi, ita ma ba ta karɓe shi ba, don mutumin da zai tsaya yana tambayar fasinja lafiyar iyalinsa alhali danja ta ba da hannu, ai ba zai daɗe a titin Manhattan ba. Daga ƙarshe ya koma ga abin da wuyansa ya sani. Wani kamfanin kwashe kaya da ke Jamaica, can Queens, ya ɗauke shi, har ya kai ga an damƙa masa babbar mota. Yana zaune a Morrisania da matarsa Zalia, mace mai haƙuri, wadda duk yamma take shafa masa man zafi a baya tana yi masa faɗa.

Aikin cikin gari, in ji shi, ba komai ba ne illa rigimar wurin tsayar da mota da lifta mai lalacewa. Wanda ke ba shi wahala, kuma wanda ya fi so, shi ne aikin tafki. Masu hali na birnin nan suna da gidaje can arewacin jihar, cikin daji, a bakin ruwa, kuma idan tsufa ko gajiya ta kama su sai su kwashe komai su koma can. Mai gida yakan yi tsammanin kuɗin mota da na ma'aikata kawai zai biya. Bai san agogo yana fara tafiya tun daga gareji ba. Bai san kyakkyawar hanyar da yake bi da ƙaramar motarsa an haramta wa manyan motoci ba, saboda gadojinta gajeru ne, sai an yi zagaye. Sannan idan an isa, hanyar gidan takan zama siririya, ta ƙasa, mai gangara. In babbar mota ta kasa sauka, ko dai a nemo ƙarama a yi ta jigila, ko a ɗauka da hannu, kuma kowanne da nasa kuɗin. Shi ya sa idan an kira Gafaru ana yabon gida, sai ya ce, "Madam, gida naki ne. Ni hoton hanya za ki turo mini."

Amma akwai halinsa da manajansa ya gaji da yi masa magana a kai. Ba ya barin gida sai ya haɗa gado, ya kuma ga an dafa ruwan zafi. Ya ce wanda ka sauke wa kaya ka tafi bai da wurin kwanciya, ba kai shi gida ka yi ba, zubar da shi ka yi.

A kakar shekarar dubu biyu da goma sha huɗu, lokacin da ganye ke ja yana zuba, aikin tafki ya faɗo a kan tamu. Muniratu, 'yar Tamale, maƙwabciyata a Soundview, ta daɗe tana jinyar wata tsohuwar Baturiya, Misis Doris, wadda mantuwa ta fara ci. Tsohuwar ta manta sunan jikokinta, amma ba ta manta Muniratu ba, ba ta kuma karɓar cokali daga hannun kowa sai nata. 'Yar tsohuwar ta sayar da gidan birni, ta ce uwarta za ta ƙarasa kwanakinta a gidansu na bakin tafki, ta roƙi Muniratu ta bi tsohuwar ta zauna da ita. Muniratu ta amsa da baki, zuciyarta kuwa ba ta amsa ba. Ita ce ta ba da lambar kamfanin su Gafaru.

Mu ba ma kai mace sabon gida babu rakiyar babba, ko da ba aure ba ne. Sai na ɗaura ɗankwali, na cika kula da wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, na ƙulle goro a gefen mayafi, na hau gaban mota tsakanin Gafaru da abokin aikinsa Abukari.

"Amarya," in ji Gafaru, "kin san kamfani na cajin kaya masu nauyi daban?"

"To sai ka fara da kanka," na ce, "wannan kan naka da ya fi tukunyar biki."

Bayan azahar muka isa. Yadda ya faɗa haka aka yi: hanyar ta gangara tsakanin itatuwa kamar wutsiyar ɓera, ruwan sama ya jiƙa ta. Gafaru ya sauka, ya taka ta da ƙafa har ƙasa, ya dawo ya ce mota ba za ta shiga ba. 'Yar Misis Doris, wadda ta riga mu isowa da uwarta da Muniratu, ta kama kai da ta ji abin da neman ƙaramar mota zai ci, da kuma cewa sai gobe. Gafaru ya ɗauko bargon naɗe kaya, ya murɗa shi ya yi gammo, ya ɗora a ka, ya ce wa Abukari, "Ɗora mini." Haka na zauna a kan kututture ina kallon kasuwar Kumasi tana gangarawa dajin Turawa: katifa, akwatuna, teburin cin abinci, duk a kan mijina, yana tafe yana yi wa kowanne magana.

Kafin la'asar ta yi sanyi an gama. An haɗa gado, an dafa ruwa. 'Yar gidan ta sa hannu, ta rungume uwarta, ta ce tana da aiki da safe, ta ja mota ta tafi.

A nan ne shiru ya sauko. Ku da kuka saba da Bronx ba ku san shiru ba. Babu jirgin ƙasa, babu jiniya, babu maƙwabcin da ke dukan bango. Ruwa ne shimfiɗe baƙi ƙirin, da wasu tsuntsaye masu kuka kamar an yi rasuwa. Muniratu ta ɗaga wayarta sama, ta zaga da ita, babu sabis. Ta shiga ta kwantar da tsohuwa, ta fito da jakarta, ta haura gangaren, ta buɗe ƙofar babbar mota ta zauna a kujerata.

"Mma," ta ce da ni, hawaye na zuba, "ba zan iya ba. In na faɗi a nan, wa zai sani? In ta mutu a hannuna, wa zan kira? Ku kira 'yarta ta dawo. Ni zan bi ku."

Na san in ta bi mu aikin ya tafi, na kuma san tsohuwar da ke kwance can ƙasa ba za ta ƙara cin abinci a hannun kowa ba.

Gafaru ya share zufa, ya dube ta. "Ƙanwata, laifina ne. Ban gama aiki ba. Ban kai ki gaida maƙwabta ba."

Abukari ya ce, "Waɗanne maƙwabta? Kai, nan ba zango ba ne. Baƙin mutum da hula yana yawo ƙofa-ƙofa a dajin nan? Ka san abin da suke ajiyewa a bayan ƙofa?"

"Na sani. Shi ya sa zan tafi da tsohuwa. Ba a harbin mai tsohuwa."

"Garkuwa ka mai da ni, ɗan banza?" na ce. Amma na miƙe na ɗauki kula.

Muka bi gefen ruwa. Gafaru bai san danna ƙararrawa ba in gaisuwa ce ta kai shi. Can nesa da ƙofa yake tsayawa, yadda aka koya masa a gida, ya tafa hannu ya rangaɗa sallama. Gida na farko shiru. Na biyu shiru, an rufe tagogi da katako. Ashe yawancinsu gidajen bazara ne, masu su sun koma birni. Haka mijina ya yi ta yi wa gidajen da ba kowa sallama, tafki na maido masa da muryarsa, ni ina biye ina ɗingishi ina yi masa Allah ya isa.

A gidan ƙarshe, inda hayaƙi ke tashi, kare ya amsa. Bayansa wani dogon tsoho ya fito, da rigar sanyi mai tabon man inji, ya tsaya a bakin ƙofa bai sauko ba, hannu ɗaya a ɓoye.

"Me kuke sayarwa?" ya tambaya da Turanci.

"Ba ma sayar da komai, baba. Sunana Gafaru. Ni na kawo kayan gidan Misis Doris. Wannan kakata ce. Mun kawo gaisuwa."

Na buɗe kula, ƙamshi ya tashi, kare ya fara canza ra'ayi. Na kwance goro na miƙa. Tsohon ya fito da hannunsa, ashe sifana ce yake riƙe da ita. Ya karɓi goron yana juya shi.

Gafaru ya ci gaba. "Akwai ƙanwata a can, Muniratu, ita ke kula da tsohuwar. Ba ta san kowa ba a nan. Ni zan koma birni. Na zo in bar ta a hannunka."

Tsohon ya ja da baya. "A hannuna? Ni ban san ta ba. Ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Akwai lambar da ake kira in wani abu ya faru."

"Lamba ba ta ganin ko an kunna wuta da safe, baba. A wurinmu, in mutum ya rasu, maƙwabci ne ke fara shigowa, kafin ɗan'uwa ya ji labari. Ba kuɗi nake nema ba, ba takarda. Ka leƙa kawai. In ka ga shiru ya yi yawa, ka buga ƙofa."

Tsohon ya ce, a hankali, tun da aka binne matarsa babu wanda ya tsaya a wannan farfajiya sai mai kawo gas. Ya ce sunansa Walta, yana gyaran injin jirgin ruwa, kuma ya san Doris tun tana iyo zuwa tsakiyar tafki. Bai ma san ta dawo ba.

Ya gatsa goron. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Haɗiye, saurayi," na ce masa, "daɗin yana baya."

Ya saka takalma ya biyo mu, kare na gaba. Da muka isa, Muniratu na nan a mota. Walta ya cire hularsa, ya tsaya a ƙasa yana kallonta a sama. Ya nuna mata dutsen da in ta hau sabis ke kamawa. Ya ce yana da wayar gida da ba ta ɗaukewa ko ƙanƙara ta rufe hanya, kuma shi ke share hanyar da motarsa. Ya ce ranar Talata yake zuwa kanti, akwai wuri a mota. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki jakarta.

Muniratu ta dube ni, ta dubi Gafaru. Ta goge fuska da bakin mayafi, ta sauko.

Manaja ya yi faɗa kan lokacin da aka ɓata, Gafaru ya ce a cire daga albashinsa, magana ta mutu. Daga wannan mako kuwa, duk Lahadi wayar Gafaru sai ta yi ƙara. Walta ne, ba gaisuwa ba komai: "Ƙanwarka lafiya. Doris ta ci abinci." Ƙit, ya kashe. Zalia ta ce ba ta taɓa ganin mai ba da rahoto da rowar magana irinsa ba.

Hunturu biyu Misis Doris ta yi a gidan. Wata safiya ta cika, hannunta cikin na Muniratu, kuma Walta ne ya fara shigowa.

Bayan an gama komai, Gafaru ya ce zai je ya ɗauko Muniratu. Walta ya ce a'a. Ranar Asabar sai ga tsohuwar akori-kura a Morrisania, duk taɓo, ta tare rabin titi ana ta yi mata hon. Mutumin da ya ce rabonsa da birni tun yana da gashi, ya hau bene yana haki da akwatin Muniratu a hannu, ita tana biye. Ina ɗakin Gafaru, na zo cin tuwon Zalia. Ya tsaya nesa da ƙofar da ke buɗe, ya tafa hannu sau biyu.

"Gafaru," ya ce, "ga ta. Yadda ka ba ni."

Gafaru ya miƙe, ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya kasa cewa komai. Mutumin da ke hira da firij.

"To, ku tsaya nan kuna kallon juna," na ce. "Zalia, ƙaro kwano. Wannan dogon bai ci komai ba tun daga daji."