Inda Ruwa Ya Kwanta a Shu'aiba

Jama'a, yau saura ƙiris mu koma masaukinmu na unguwar Shisha, a nan ƙasa mai tsarki, babu Malam Sanusi, abokin karatunmu!

Da hantsi muka isa bakin tekun Shu'aiba. Iska na kaɗawa, igiyar ruwa na fashewa a kan yashi hagu da dama. A tsakiya kuwa akwai wani wuri da ya kwanta luf, ko kumfa babu.

Malam Sanusi ya tuɓe riga ya ce, "Ni a gulbin Rima na koyi iyo. Inda ruwa ya kwanta, nan ake shiga."

Ashe ta nan ruwan yake komawa cikin teku! Kafin mu ankara ya ja shi. Yana iyo yana nufo mu, amma nisa yake ƙarawa. Innalillahi! Kuma duk cikinmu babu wanda ya iya ruwa.

Wani mutum da ke hawan igiyar ruwa a kan dogon allo ya nufe shi yana ihu da Larabci. Malam ya ruɗe, Larabcinsa duk ya gudu. Sai mutumin ya juya harshe zuwa namu: "Ya ammi, kawu, bar kokawa da ruwa! Yi gefe, yalla, maza!" Ashe ɗan unguwar Tandabawi ne, kakansa Bakano!

Malam ya yi gefe, mutumin ya ɗora shi a kan allon, igiya ta turo su har gaɓa. Ya daɗe kwance yana aman ruwan gishiri.

Na ce, "Malam, ina labarin gulbin Rima?"

Ya ce, "Daga yau, ruwan da zan kusanta a ƙasar nan sai Zamzam. Shi ma a kofi."