Shirun Orval a Taron Lavina

Mijin yayata, Orval Hoge, manomin tuffa ne a gabashin Ohio, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Mu Kiristocin ɗarikar Abokai ba mu da fasto. Ran Lahadi shiru muke zama, ba mai miƙewa sai wanda Ruhu ya motsa. Haka dai ake faɗa. Kowa ya san Elwood mai shagon ƙusa tun a mota yake tsara tasa maganar, har da inda murya za ta yi rawa. Orval kuwa har ya yi furfura bai taɓa miƙewa ba.

Da yayata Lavina ta rasu, 'yarsu Corinne ta zo daga Oregon da tsohon ƙullinta, wai uban bai taɓa son uwarta ba.

"Inna, in bai ce komai a taron jana'izar gobe ba, na gama da shi," in ji ta.

Na iske shi yana ware ruɓaɓɓun tuffa.

"Orval, ka tanadi kalma biyu mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Thelma."

"Elwood kullum yana yi, me ya cinye shi?"

"In an ba ni, zan faɗa. In ba a ba ni ba, ƙarya ce, kuma a kan Lavina."

"To ka dafa gaskiyar taka ka ci."

A taron, Elwood da ko girkin Lavina bai taɓa ɗanɗanawa ba ya sa mutane kuka. Orval na zaune, ya damƙe benci, gumi na zuba. Dattawa suka yi musafaha, taro ya tashi. Corinne ko abinci ba ta tsaya ci ba.

Sai da tuffa ta yi fure, wata Lahadi da mu tsofaffi kaɗai muka zo, Orval ya miƙe. Ya ce duk sanyi Lavina kan ɗumama masa takalmi a bakin murhu, bai taɓa gode mata ba, kuma har yau da ita yake fara magana kowace safiya. Na yi kuka, rabi don haushi.

Na ce ya kira 'yarsa ya maimaita mata. Ya ce sau ɗaya aka ba shi, maimaitawa shiri ne.

Ni na kira ta, na faɗa mata kalma da kalma. Ta ce, "Inna, na gode. Kin iya tsara magana."