Jirgin da Si Norman Yake Jira

Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa Si Norman abinci, ban taɓa ganin mutumin da ya iya jira kamarsa ba. In mai gyaran famfo ya ce gobe, sai ya zauna har gata, hannu bisa gwiwa, ko tsaki ba zai yi ba. A ƙasarsu Ingila aikin jirgin ƙasa ya yi, amma ba tuƙi ba. Wani ɗan ɗaki ne a bakin layin dogo, shi kaɗai a ciki, yana jan ƙarfe ya ba jirgi hanya ko ya tsayar da shi. Shekara talatin da takwas yana leƙen taga. A nan ya koyi maganar da ta kusa hallaka shi: wai jirgi ko ya makara, yana nan zuwa.

Da ya yi ritaya, shi da matarsa Morin suka sayar da gidansu suka dawo nan Sawira, a bakin tekun Maroko, don ƙirjinta ba ya jure sanyin can. Ba su haihu ba. Ita ta ɗauke ni aiki, lokacin na gaji da tallan kifin sardin a bakin tashar jiragen ruwa. Mace ce mai kaifi, duk wata takarda ta gidan a hannunta take, shi nasa sa hannu. A shekara ta shida ta rasu, aka binne ta a maƙabartar Nasara da ke bayan ganuwa. Tun daga ranar, kowace Lahadi yakan ɗauki wata koriyar buta ya je ya ba furannin kabarinta ruwa, ya zauna yana ba ta labarin unguwa. Har gulmata yake yi mata, na sani.

Kuɗinsa iri biyu ne. Akwai fansho da ke zuwa duk wata da fam, a canza masa zuwa dirhami. Akwai kuma kuɗin gidan da suka sayar, wanda ya bari can Ingila, wai yana aiki. Na ce masa ni ban taɓa ganin kuɗi da gumi a goshi ba. Ya yi dariya.

Shekarar da mutanen ƙasarsa suka jefa ƙuri'ar raba gari da sauran Turawa, dariyar ta ƙare. Aka kwana aka tashi, fam ya faɗi. Shi bai faɗa min ba, irinsu ba sa faɗa. A kwandon cefane na gani. Naman rago ya koma kaza, kaza ta koma sardin, ganyen shayinsa na Ingila ya fara yin zagaye biyu a butar.

Da ma abin ya tsaya a ciki ne, da da sauƙi. Katinsa na izinin zama a ƙasar nan, na shekara goma, wanda Morin ta yi masa cuku-cukunsa, zai ƙare ranar Alhamis ta bayan Babbar Sallah. A ofis suka ce ya kawo takardar banki mai nuna yana da abin riƙe kansa a nan. Da can fanshon kaɗai ya isa, yanzu in an canza shi sai ya gaza. Dole ya janyo wani kaso daga kuɗin gidan ya zuba a bankin nan. In bai yi ba, aka ce masa, sai ya fita ƙasar ya dawo a matsayin baƙo, ya faro komai daga tushe. Mutum mai shekara saba'in da shida, ba gida a can, ba dangi, matarsa kwance a nan.

Sai Si Norman ya ce zai jira fam ya tashi tukuna.

Kullum da safe ya sa hularsa ya tafi ƙofar mai canji, ya tsaya gaban allon nan kamar mai duba sunansa a jarrabawa. Daga nan ya wuce wurin shayi, inda wani ɗan ƙasarsu, Jeral, tsohon mai sayar da motoci, ke ƙara masa iska. Na ji shi da kunnena ranar da ya zo cin kuskus ɗin Juma'a.

"Kada ka kuskura ka taɓa, Norman. Kafin ƙarshen wata fam ɗaya ya koma dirhami sha huɗu. Wanda ya canza yanzu ya yi wa banki sadaka."

Na dire kwanon na ce, "Si Jeral, kai da ka san gobe haka, me ya sa kullum a gidan wani kake cin abincin rana?"

Ya ce, "Norman, tsohuwar nan taka cizo take yi."

"Haƙori huɗu suka rage min," na ce, "kuma duk naka ne."

Da ya tafi na tsare maigidan a ƙofar kicin. Na ce, "Si Norman, shekara ashirin na yi ina sayar da kifi. Na ga mata sun riƙe kwando tun safe suna jiran farashi ya gyaru. La'asar na yi, kyanwoyi ne suka ci riba."

"Kuɗi ba kifi ba ne, Lalla Mbarka. Ba ya wari."

"Katinka ne zai yi wari."

Sai ya jawo ni gaban kalandar bango, ya ɗora yatsa. Ya tsara komai, irin tsarin jiragensa. Zai aika a turo kuɗin ranar Alhamis kafin Sallah, kwana uku na aiki su iso, Laraba ya karɓi takardar banki, Alhamis ya miƙa a ofis. Ya ce hutun Sallah kwana biyu ne, ga shi da jan rubutu, ya lissafa da shi.

Ni ban iya karatu ba, amma na san Sallah. Shi shekara goma sha ɗaya abin da ya sani game da ita shi ne maƙwabta su aiko masa da cinya, ya ci ya kwanta. Bai taɓa neman hatimi a makon ba. Na ce, "Kwana biyu a bango. Mai buga hatimin ofishin nan ɗan ƙauyen bayan duwatsu ne. Juma'a zai ɗaure ragonsa a mota, ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba sai naman ya ƙare. Manajan bankin ma haka. Wa zai sa maka hannu, kai da kyanwoyin tasha?"

Ya ce, "Saura kaɗan ya tashi. Jiya ma ya motsa." Ya shige ɗaki.

Ranar Lahadi, saura kwana takwas Sallah, na zo da sassafe duk da ba ranar aikina ba ce. Na hau kujera na sauko da babban akwatin da suka zo da shi daga Ingila, na kakkaɓe, na buɗe shi a tsakar gida inda rana ke bugawa. Na jera rigunansa na sanyi a kan igiya. Sannan na ɗauki koriyar butar na cika, na zauna bakin ƙofa da ita a cinya.

Ya fito da hularsa, ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Akwati ne, yana shan iska. Ka zo mu je kabarin Morin ka nuna min. Buta nawa take sha, ɗaya ko biyu? Kuma wane fure ne ba ya son ruwa a ganye? Gara in koya tun kana nan. Labarin unguwa kuma zan riƙa ba ta, amma ka san ba ta jin Larabcina sosai."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Na ɗauka zai kore ni, kuma na shirya. Ya miƙo hannu, ya ce, "Ba ni butata."

"Ta wa za ta zama ranar Alhamis ta sama?"

Ya fizge ta har ruwa ya zube masa a takalmi, ya fita. Bai dawo ba sai bayan azahar. Abin da suka tattauna da Morin ban sani ba. Litinin da safe dai na ji shi a waya yana magana da bankinsu na Ingila, murya ƙasa-ƙasa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Talata shiru. Laraba shiru. Alhamis muka je tare, yarinyar bankin ta duba ta ce kuɗin sun baro can, ba su iso nan ba. Na ce to suna ina, a teku? Ta ce in yi haƙuri. Si Norman ya zauna a benci, hannu bisa gwiwa, amma wannan karon bai jima ba ya miƙe.

Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya kuɗin suka shigo. Kafin manaja ya gama waya da mai sayar masa da rago ya sa hannu, rana ta kusa tsakiya. Muka fito, titi ya cushe: raguna a amalanke, masu gawayi, masu wasa wuƙa. Ba motar haya ko ɗaya. Tsoho da tsohuwa muka kama hanya a ƙafa, shi yana haki, ni ina zagin duk wanda ya tare mana gaba.

A ofis muka tarar mai hatimin ya rufe rabin taga, makullin mota a hannu.

"Bayan Sallah, Hajiya."

Na sa hannuna a bakin tagar. "Ɗana, rufe a kan yatsun nan in ka iya. Sun girmi babarka. Bawan Allah nan matarsa na kwance bayan ganuwa. Buga masa, ka je ka yi layyarka da zuciya fara."

Ya dube ni, ya dubi agogo, ya dubi Si Norman da ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Aka fara kiran salla. Ya ja tsaki, ya jawo takardun, ya juya su ɗaya-ɗaya har da lasar yatsa. Sai na ji tim, hatimi ya sauka.

Katin shekara ɗaya suka ba shi, ba goma ba. Wata na zagayowa fam ya sake faɗuwa, ƙasa da inda ya canza. Jeral, wanda ya jira har ƙarshe, kafin sanyi ya shigo ya tattara ya koma wurin ƙanwarsa a Ingila. Si Norman bai ce min na gode ba. Abin da ya ce, yana kallon ƙasa, shi ne daga yanzu kwana uku kawai zai iya biyana a mako. Na ce da ma na gaji da ganin fuskarsa kullum.

Akwatin na mayar saman kabad da kaina. Har yau yakan tsaya gaban allon mai canji da safe, wai jirgin nasa na hanya. Ni dai na sa an nuna min inda ranar ƙarewar katin take a kalandar bana, na shafa mata baƙin tukunya da yatsa. Furannin Morin kuma buta biyu suke sha, ya faɗa min daga baya, ko da Allah zai sa a buƙata.