Buhu Biyu na Citta a Kingston

Salmanu ɗan Dawanau ne, a gindin mudun mahaifiyarsa ya tashi, kuma har yau bai iya sallamar mai saye ba tare da gyara ba. Shekararmu bakwai a wani sito a Al Warsan, can ƙasar Larabawa, muna loda kaya, ban taɓa ganin ya ɗaure buhu bai tura wani abu a kai ba. Na yi faɗa har na gaji.

Bara wata 'yar kasuwa daga Kingston ta Jamaika, Madam Edith, ta yi odar kwantenar zoɓo. Ashe da shi suke bikin Kirsimeti! Salmanu ya haukace mana. Ya kwana biyu yana karanta garin a waya, ya dawo yana ba mu lacca: wai girgizar ƙasa ce ta nutsar da tsohuwar tashar 'yan fashin teku, sai aka kafa Kingston; a da sukari suke fitarwa, yanzu manyan jirage ke sauke kwantenoni a can ana rarrabawa tsibirai. Ko rake bai iya ɓarewa da kyau ba, amma ya zama malamin sukari.

Ranar lodi, mutumin naku ya cusa buhu biyu na citta, ba a takarda. Kwastan na can suka tsare kwantena, Kirsimeti saura kwana goma sha biyu. Maigida ya ce wa Salmanu, "Khalas, shi ke nan! In kaya ba su fita ba, visa ɗinka ta mutu, ka koma Kano." Na tsorata ƙwarai, don bakuna tara ne ke ci daga albashinsa.

A kwana na biyar Madam Edith ta kira, fuskarta ta cika wayar maigida.

"Waye ya sa mini citta?"

Salmanu ya ɗaga hannu. "Ni ne, madam. Gift ne, wallahi. A wajenmu ba a auna wa mutum kaya a bar shi haka."

Matar ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce ta gyara takardun, kaya sun fita. Ta ce kakarta ma, mai sayar da doya a kasuwar Kingston, ba ta taɓa sallamar kowa ba ƙari ba, kuma ba wanda ya san inda ta koya.

"Ni na sani," in ji Salmanu. "A jirgin bayi aka kai muku shi, tare da mutanenmu."