Duma da Mangwaro a Gidan Kaka Ige

Ina da shekara bakwai mahaifiyata ta rasu. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba Baba ya ɗora ni a bayan kekensa daga Argungu zuwa Gulma, ya ajiye ni wurin mahaifiyarsa. Shi masunci ne, kuma a shekarar ruwa bai ba da kifi ba, sai ya bi abokansa Yawuri. Ya ce da ni wata uku zai yi. Shekara biyar na yi a Gulma.

Kaka Ige ita kaɗai ce a gidanta, can ƙarshen gari ta wajen fadama. Sana'arta turara shinkafa da ɓawonta, ta shanya, ta sussuka, ta kai kasuwa. Yaran unguwar sun riga sun san juna tun suna goye, ni kuwa baƙo ne mai saurin kuka, don haka ba su cika nemana ba. Yawancin yinina a tsakar gida nake yi, ina korar kaji daga shanya.

A satin da na zo ta binne ƙwallon mangwaro nesa kaɗan da katanga, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wannan shuka ta ba ta wahala. Da rani kullum sai ta ja guga biyu dominsa, ta zuba toka a gindin don gara, in iska ta kwantar da ƙayar ta sake kafawa. Shi kuwa bayan shekara guda ko gwiwata bai kai ba. Duma ne abokina. Da ruwan fari ya sauka zai fito a gindin ɗakin girki, ba mai ba shi ruwa, ba mai tsaronsa, kafin a yi wata guda ya kama rufi yana hawa. Da safe nakan sa alama da gawayi a bango, da yamma in tarar ya wuce ta.

Bayan sallar magariba takan rage wutar murhu ta barbaɗa ƙaiƙayin shinkafa a kai, hayaƙin ya kore mana sauro. Nan muke cin tuwo, mu biyu, kwano ɗaya. In ta wanke hannu sai ta miƙe ƙafafunta wajen wutar ta ce, "Maigida, ga wata nan ta zaka, ka ba ta wuri." Ni kuma in ce, "Ta zauna mu ji ta." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda take yi duk farkon damina.

Wai wata tsohuwa ce a bakin gulbi, ba ɗa, ba jika, ba maƙwabci. Ran nan tana wanki ta ce wa gulbi ta gaji da magana da tukwanenta. Sai ruwa ya turo mata abu biyu, ƙwallon mangwaro da ƙwayar duma. Ta kai gida ta shuka. Kwana uku duma ya fito, ya ce mata ina kwana. Ga shi da surutu. Da ya hau rufin ɗaki sai ya riƙa ba ta labarin duk abin da yake hangowa: ga masu jirgi can sun yi faɗa a kan taru, ga wata ta zame a laka da tulunta. Tsohuwa ta yi ta dariya har ciki ya yi mata ciwo. Mangwaro kuwa ganye biyu ya fitar, jajaye, ya yi shiru. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Ruwa kawai yake sha.

A nan Kaka takan sauya murya, ta ƙanƙance ta kamar ta yaro. "Duma ya ce, 'Inna, mi kika yi da wanga bebe? Bari in hau kansa in huta.' Tsohuwa ta ce, 'A'a, ɗiyana, ka kashe shi. Rufi naka na, ka bar mai ƙasa.'" Sai ta nuna da yatsunta yadda tsohuwar ta warware hannun duma daga wuyan mangwaro a hankali, don kada ko ɗaya ya karye.

Da ruwa ya ɗauke, duma ya fara rage magana, ganyensa ya yi rawaya, wata safiya ta gaishe shi ta ji shiru. Ya bar mata ƙwarya huɗu a kan rufi. Ta shiga rani da bebenta, tana ɗebo masa ruwa tana masa faɗa. Har gatari ta taɓa ɗaukowa, ta tsaya a kansa, ta mayar. Da damina ta kewayo duma ya sake fitowa da surutunsa. Haka suka yi shekara bakwai. A shekarar da mangwaro ya yi furen fari, tsohuwa ta kwanta ba ta tashi ba. Daga baya matafiya suka riƙa sauka a inuwarsa, wasu suka kafa bukkoki, har wurin ya zama gari.

"Nan tawa ta tsaya," in ji Kaka.

"To mangwaron bai taɓa magana ba?"

"Ya yi. Amma ba da ita ba."

"Wanne ya fi a cikinsu?"

"Kai dai akwai tambaya. Tashi ka yi isha'i."

Ina da shekara goma sha biyu Baba ya zo. Ya sami aikin gadi a Birnin Kebbi, ya yi aure, yana so ya sa ni makaranta. Na yi murna har na kasa cin abinci. Kaka ta ƙulle mini kayana a zane, ta rako mu bakin ƙofa ta ce, "Tahi, maigida. Ka yi karatu." Ba ta bi mu tasha ba. Ni ma ban waiwaya ba, hankalina yana kan motar.

Sau uku na koma a shekarun da suka biyo, duka a lokacin sallah, kwana ɗaya ɗaya. Ina makarantar kwana ta rasu, kuma sai da aka yi sati da binne ta labari ya iske ni. Da na je gaisuwa, wata maƙwabciyarta ta ce mini mangwaron ya yi 'ya'ya shekara biyu a idonta, amma ko ɗaya ba ta sha ba, wai zazzaɓi yake sa ta. Yaran unguwa take rabawa. Ta kuma ce da damina sukan jiyo ta daga bayan katanga tana magana ita kaɗai a wajen ɗakin girki.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, kuma na sha ba ɗalibai wannan tatsuniya. Kullum da darasi ɗaya nake rufe ta: ku zama masu haƙuri irin na mangwaro, kada ku zama masu gaggawa irin ta duma. Ban taɓa shakkar cewa abin da Kaka take nufi ke nan ba.

Yanzu na yi ritaya. Ina zaune a gidana a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, matata ta rasu shekara biyu ke nan, 'ya'yana duk aiki da aure sun kai su nesa. Bara 'yata Maryam ta kira daga Kaduna ta ce za ta kawo mini Ummi, 'yarta mai shekara shida, ta yi dogon hutu a wurina. Na fita na dubi tsakar gidan, siminti ne sai wata 'yar ƙasa a gefe. Na je wurin mai sayar da dashen itatuwa a bakin titi.

"Alhaji, ka ɗauki mangwaro mai aure," ya ce. "Shekara ukku ka sha. Ka dai nisanta shi da gini, saiwa tana fasa katanga."

"Duma fa?"

Ya yi dariya. "Wanga ai na ƙauye na. Wata huɗu ya mutu ya bar maka shara."

Na sayi mangwaron, na shiga kasuwa na nemo irin duma wurin masu ƙwarya, na kafa masa rumfar kara. Ummi ta iso yana fara hawa. Mangwaron sau ɗaya ta dube shi ta ce wannan ba ya yin komai. Duma kuwa kullum da safe kafin ta sha koko sai ta je ta duba shi, ta dawo da gudu ta ja ni da riga in zo in gani. Wata yamma na gwada yi mata tatsuniyar. Ban iya muryoyin ba, kuma da na zo wurin darasin sai na bar shi.

Sati shida ta yi. Ranar da suka tafi na dawo daga tasha na tarar da gidan kamar yadda yake da. Na zauna a gaban rumfar har aka kira sallah. A nan na yi tunanin tsohuwar bakin gulbi, na ga cewa shekara bakwai ɗin nan ba haƙuri kaɗai ya riƙe ta ba. Ta iya ɗebo wa bebenta ruwa duk rani ne saboda ta san akwai mai zuwa ya yi mata surutu na 'yan watanni. Kaka ba ta taɓa cewa ɗaya ya fi ɗaya ba. Ni ne na ƙara wannan, don ban taɓa zama ni kaɗai a gida ba sai yanzu.

Bayan wata biyu, muna waya da Maryam, Ummi ta karɓi wayar uwarta.

"Alhaji, ina dumana?"

Na so in ce yana nan lafiya. "Ya bushe, amaryata. Haka yake yi. Amma na fasa ɗansa guda na ajiye miki irin."

"To kar ka shuka sai na zo."

Na ce to. Maryam ba ta ce za ta kawo ta bana ba, ni kuma ban tambaya ba. An yi ruwa sau biyu ke nan, maƙwabta duk sun yi shuka. Irin yana cikin ambulan a aljihun rigata, na ba shi sati ɗaya kuma.