Gwiwar Ɗan Zauresh

Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa tiram mai lamba uku, jirgin nan na cikin gari mai bin layin dogo, Zauresh na bayana tana yankar tikiti. Layinmu ya taso daga ƙofar masana'antar darma, ya ratsa kasuwa, ya haye gadar kogin Irtish, ya ƙare a bakin ɗakin wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Don haka da watan Satumba ya kama aka buɗe kakar wasa, taragonmu ya daina ɗaukar fasinja, sai kociyoyi. Kowa koci ne. Mutumin da ko an riƙe masa hannu biyu ba zai iya tsayuwa a kan ƙanƙara ba, shi ne zai gaya maka wanda ya kamata a kora daga ƙungiya.

Zauresh 'yar siririyar mace ce, jakar tikiti a wuya, ba ta da yawan magana. Mijinta ciwon huhu ne ya ɗauke shi, kamar rabin mazan masana'antar nan, ya bar ta da ɗa ɗaya, Darhan, yana da shekara bakwai. Kafin ya rasu ya riga ya sa yaron a hoki, kuma duk wuraren da ke cikin wasan nan sai yaron ya zaɓi tsaron raga. Kayan gola kuwa sun fi yaron nauyi. Ita ta riƙa saɓa jakar a kafaɗa tana kai shi, ita ke ɗinke matasan kariya na ƙafarsa da allurar dukanci idan sun yage. Har ya girma, har ya zama golan Kokjal, ƙungiyar garinmu.

Amma ban taɓa jin ta yabe shi ba, wallahi ko sau ɗaya. A wurinmu uwa ba ta yabon ɗanta a gaban mutane, baki yana kama ɗa. Idan wani ya yaba, sai uwar ta tofa sau uku ta kushe ɗan, don bakin ya wuce. Kowace uwa na yi, amma Zauresh ta fi kowa, kuma ba na ganin laifinta. Kafin Darhan ta haifi 'ya mace. Wata baƙuwa ta zo ta ɗaga jaririyar ta yi ta faɗin kyaunta, Zauresh tana ƙaramar amarya ta ji daɗi ta yi murmushi, ba ta kushe ta ba. Mako bai zagayo ba aka binne yarinyar. Likita ya ce sanyi ne ya shiga ƙirjinta. Zauresh dai ta san abin da ta sani.

To, bana ƙungiya ta sayo wani dogon gola daga waje, kuma koci ya faɗa a fili cewa wasa goma na farko su za su raba gardama: ɗaya ya zauna, ɗaya a sallame shi. Darhan shekararsa ashirin da tara, matarsa na da ciki na biyu, kuma in ban da tare ƙwallo ba abin da ya iya a duniya. Tun daga ranar Zauresh ta daina cin abincin rana. Sai shayi.

Sai ga shi yaron ya fara da ƙafar dama. Wasa uku, ƙwallo ɗaya tak aka zura masa. Ni ina murna, ita kuwa ƙara ramewa take yi.

Ranar Laraba da hantsi tarago ya cika maƙil. Akwai wasu tsofaffi biyu da ba sa fashin layinmu. Ɗaya Serikbol, wanda kowa ke ce wa Seke don girmamawa, abokin marigayi mijin Zauresh ne, kuma shi ke riƙe da guruf ɗin magoya baya a waya, mutum wajen dubu huɗu. Ɗayan Petrovich, dattijo ɗan Rasha, wanda tun da na san shi kowace shekara yake cewa ƙungiya ta mutu.

"'Yan Karaganda sun ci huɗu a jere," in ji Petrovich. "Su ne za su ɗauki kofi, ku rubuta ku ajiye."

"Kai dai ka faye tsoro, tsoho," in ji Seke. "Da wa suka buga? Da yaran da ko gemu ba su fara ba! Bari sanyi ya shigo su fara tafiyar kwana biyu a jirgi, ka ga yadda za su zube."

"Astana fa?"

"Astana kuɗi ne da su, ba ƙafa. Pavlodar kuwa in ka ga 'yan bayansu sai ka ɗauka layin burodi suke bi."

Aka bushe da dariya. Wani matashi daga baya ya ce mu ma 'yan gabanmu ba su san inda raga take ba, gola ne kawai ke rufa mana asiri. Nan fa Seke ya miƙe tsaye, ya kama ƙarfe da hannu ɗaya, ya nuna Zauresh da ɗayan. Na hango shi ta madubi, na kuwa san bakinsa.

"Kun san wace ce wannan da ke karɓar kuɗinku? Uwar golanmu ce! Apai, yayarmu, ɗanki bango ne! Duk gasar nan ba kamarsa. Bana ba mai zura masa, na rantse. Ba ya ciwo, ba ya gajiya, ƙarfe ne yaron nan!"

Mutum wajen sittin suka juyo suna kallonta, wasu har da tafi. Baki sittin a kan ɗa ɗaya! Fuskar Zauresh ta yi fari fat. Ta tofa sau uku a gefen kafaɗarta.

"Haba Seke, wane bango? Rago ne, sa'a ce kawai."

"Sa'a sau uku? Ina!"

"Hannunsa kamar rariya. Tun yana ƙarami haka yake."

Seke ya ƙi bari, sai ƙara zuba yake yi, mutane na taya shi. Kushen da ta saba bai isa ya rufe wannan yabo ba, sai ta laluba ta kamo abin da ya fi nauyi.

"Gurgu ne ma," in ji ta. "Gwiwarsa ta hagu ta gama aiki. Da ƙyar yake hawa bene."

Duk matar da ke ciki ta san me Zauresh take yi, har wata tsohuwa ta gyaɗa mata kai. Amma maza 'yan hoki a farkon kaka ba su da hankali, kunnensu ne kawai a buɗe. Kafin mu haye gada na ga kawuna sun sunkuya a kan wayoyi.

Kafin mu tashi daga aiki magana ta gama gari. Washegari ta kai Karaganda, ta kai Atirau can bakin teku: golan Kokjal na ɓoye rauni, daga bakin uwarsa aka ji. Wani ya ƙara da cewa allura ake masa kafin kowane wasa. Wani ya ce ya ga ɗingishin da idonsa. Maƙaryata! Ranar Juma'a na tare Seke a tasha na wanke shi tas. Na ce kai da furfurarka, kai da ka ci abinci a gidan nan, ba ka san kushen uwa ba? Ya ce wallahi shi bai rubuta ba, yara ne. Na ce yaran a guruf ɗin wa suke?

Ranar Asabar koci ya ajiye Darhan a benci, ya ce sai an ɗauki hoton gwiwa. Dogon baƙon ya shiga raga, muka ci biyu da ɗaya. Ranar Litinin ya sake shiga, muka sake ci. Wasa biyar cikin goman nan sun tafi.

Kwanakin nan ban ji daɗin aiki ba ko kaɗan. Zauresh tana tsaye cikin mutane suna auna ɗanta da baƙo, wannan ya ce a sallame shi tun yana da daraja, wancan ya ce ai dama shekaru sun ja. Sau biyu ta ba mutum canji ba daidai ba, abin da ba ta taɓa yi ba. A ƙarshen layi, inda muke hutawa minti shida, sai ta zauna ta ƙura wa ɗakin wasan ido.

"Raushan, da bakina na kore shi," in ji ta. "Bakin mutane nake tsoro, ashe nawa ne."

Na ce ta kira shi ta gaya masa. Ta ce ba ta iyawa a waya. Ta gayyace shi cin abinci ranar Alhamis da rana, ranar hutunmu, ta ce in zo in zauna kusa da ita don kada ta fasa.

Ta dafa nama da taliya mai faɗi, ta soya baursak, irin fankenmu, cike da kwano. Darhan ya shigo shi kaɗai, ƙato, sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya gaishe ni, ya sumbaci goshin uwarsa, ya zauna. Kafin ta buɗe baki ya riga ta.

"Apa, hoto ya fito jiya. Ƙalau. Koci ya ce ni zan tsaya ranar Asabar, kuma ni zan buga sauran biyar ɗin."

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Zauresh kuwa sai hawaye. Ta fara ba shi labari tun daga Seke, tana yi tana sarƙewa. Ya ɗaga hannu.

"Na sani, Apa. Tun ranar na sani. Da na ji an ce uwarsa ce ta faɗa, na ce wani ne ya yabe ni a tiram."

"Ka yafe mini, ɗana."

"Ba komai." Ya ɗauki baursak ɗaya ya juya shi a hannu, bai ci ba. "Amma me ya sa kika ce ta hagu?"

"Oho, abin da ya zo bakina ke nan."

"To Allah ya taimake ni." Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ta dama ce, Apa. Tun watan Agusta, a wurin atisaye. Idan na durƙusa ji nake kamar an soka mini ƙusa. Ko matata ban gaya wa ba. Ta hagu suka ɗauki hoto, ita aka ce musu."

Cokalin da ke hannuna ya faɗi a faranti.

"Ka je ka gaya musu," in ji Zauresh.

"In gaya musu su sallame ni ranar? Wa zai ɗauki gola mai gwiwa a watan Oktoba? In na wuce wasa goman nan, kwantiragi ya zauna, ko na faɗi daga baya su za su yi mini aiki."

"In ta tsinke kafin nan fa?"

"Biyar ne kawai, Apa."

"Biyar," ta maimaita.

"Don Allah kada kowa ya ji. Raushan-apai, ke ma." Na ce na ji. Me zan ce?

Ya ci abinci kaɗan don kada ranta ya ɓaci, ya sha shayi, ya ce ana jiransa a atisaye ƙarfe uku. A bakin ƙofa ya jawo 'yar kujera ya zauna kafin ya sa takalmi, ƙafar dama a miƙe. Zauresh ta durƙusa za ta ɗaure masa igiyar, ya ce haba Apa, ta ture hannunsa ta ɗaure. Ta ƙulle masa sauran baursak a leda ya kai wa matarsa.

Ya fita, mu kuma muka tsaya a bakin ƙofa ba wadda ta ce a rufe. Gidan Zauresh a hawa na huɗu yake. Muna jin sa yana sauka, taku ɗaya, shiru, taku ɗaya, shiru, ƙarfen matakala na ƙara a hannunsa. Zauresh ta kama damtsena ta riƙe gam, ba ta sake ni ba sai da ƙofar ƙasa ta buga.